IYA RUWA FID DA KAI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Shugaban wannan taro, wakilan iyayenmu sarakuna, shugaban makaranta da malamansa, shugabannin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, yayyena da ƙannena, sai kuma 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan wanda ya taso daga Anka, da wanda ya taso daga Bukkuyum, da mu da muka taso daga Gummi, duk Allah ya mai da mu gidajenmu lafiya.

Sa'ad da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce kwamiti na so in yi magana a kan wasanni, tun da yake a nan na ƙare aikina na koyarwa. Na san abin da suke zato. Sun ɗauka zan zo in tuna mana da ƙwallon ƙafa da tseren gidaje da yadda muka riƙa lallasa maƙwabtanmu a filin nan. To, sai dai ku gafarce ni. Yau a kan ruwa zan yi magana, da kwalekwale, da kuma wata mata 'yar wata ƙasa mai nisa wadda yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba. In kun yi haƙuri da ni, kafin in zauna za ku ga inda zancen ya shafe mu.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu

Babu wanda ke cikin wannan ɗakin taro da ya manta da ranar Asabar 14 ga Satumba 2024. A safiyar ranar wani kwalekwale ya kife a gulbi kusa da garin Gummi, ɗauke da manoma da za su haye zuwa gonakinsu. Alƙaluman da aka bayar a lokacin sun kama daga mutum 40 da ɗoriya har zuwa 64 da ake fargabar ruwa ya ci. Abin ya zo ne makonni kaɗan bayan ambaliyar da ta rusa gidaje a garin. Rahotannin da suka fita sun ce manoma fiye da 900 ne ke dogara da wannan mashigi kullum, alhali jirage biyu kacal ke fiton su. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Na je gaisuwa gidaje da dama a wannan mako. A duk inda na zauna, magana ɗaya nake ji: kwana ya ƙare. Gaskiya ne, kuma babu mai ja da ita. Amma da na koma gida sai wata tambaya ta hana ni barci. Cikin waɗanda suka shiga jirgin nan, mutum nawa ne suka iya iyo? Nawa ne aka taɓa nuna musu abin da mutum zai yi in jirgi ya karkata? Ni da na shekara talatin da wani abu ina koya wa yara tsalle da guje-guje a garuruwan da ke bakin gulbi, ban taɓa ware ko darasi ɗaya na koya musu yadda za su fid da kansu daga ruwa ba. Wannan laifi nawa ne, kuma shi na zo in amsa a gabanku.

Mu mutanen gulbi ne, ko mun so ko ba mu so ba. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka, ya bi ta Bukkuyum da Gummi, ya shiga Jihar Kebbi ta wajen Jega har ya haɗu da gulbin da ya taso daga Sakkwato. Ga kuma Gulbin Ka ta kudancinmu. Da rani yaro ma sai ya naɗe wando ya taka ya wuce. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba, in ruwa ya kawo, wanda gonarsa ko kasuwarsa ko asibitinsa ke ƙetare ba shi da zaɓi sai fito.

Abin da kawuna ya koya mini

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai fito ne. Ina aji biyu a makarantar nan, muka tafi hutun damina, ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, wai ɗan sakandare. Wata rana da hantsi na ga 'ya'yan masunta suna hayewa da gora, ni ma na ɗauki tawa na faɗa, ban tambayi kowa ba. Ban kai tsakiya ba ruwa ya fizge gorar, ya juya ni, na fara shan ruwa. Kawu na can bakin gaɓa yana gyaran jirgi. Bai yi tsalle ya faɗo ba. Sai ya bi gaɓa da gudu ya riga ni zuwa wata kwana, ya miƙo mini doguwar sandar tuƙi, ya ce in kama. Da ya jawo ni na gama amai, ina jiran mari, sai ya ce in zauna kusa da shi.

Muka zauna har azahar muna kallon ruwa. Ya riƙa jefa karan dawa yana cewa in bi shi da ido. Ya nuna mini inda ruwa ya yi sumul kamar an goge shi, ya ce nan ne zurfi da ƙarfi. Ya nuna inda yake tafasa, ya ce akwai kututture ko dutse a ƙasa. Ya nuna bayan wani tsibirin yashi inda karan ya tsaya ya fara komowa baya, ya ce nan ne wurin hutawar mai jirgi. Ya ce mai fito ba ya miƙe hanya zuwa inda zai sauka, sai ya hau sama tukuna, ya karkata kan jirgi, ya bar ruwan da kansa ya kai shi. Daga ƙarshe ya ce mini, “Ɗana, ba a kokawa da gulbi. Karanta shi ake yi kamar yadda kuke karanta littafi a makarantarku.”

Kawu ya koya wa dukkanmu maza iyo. Amma ƙanwata, wadda ta fi mu haye gulbin nan saboda tallar da take kaiwa ƙauyukan ƙetare, bai taɓa koya mata ba, kuma babu wanda ya ga aibin haka, har da ni. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Matar da na gani a talabijin

A shekarar 2012, lokacin gasar Olamfik ta Landan, na ji an ce akwai ɗan Nijeriya mai suna Jonathan Akinyemi da zai yi tseren kwalekwale a ruwa mai gudu, kuma shi ne na farko da ya taɓa wakiltar ƙasar nan a wannan fanni. Saboda shi na zauna gaban talabijin. Bai yi nisa a gasar ba, amma wasan ya kama ni, na ci gaba da kallo har aka zo kan na mata. A nan na ga wata mata 'yar shekara 44 tana fafatawa da 'yan matan da ta haifa. Sunanta Stepanka Hilgertova, daga Jamhuriyar Cek. Daga baya na sa jikokina suka binciko mini tarihinta a intanet.

Bari in fara bayyana yadda wasan yake. Akan sami ruwa mai gangara da ƙarfi, ko na gulbi ko wanda aka gina masa hanya da siminti, tsawonsa bai wuce mita 400 ba. Sai a ɗaura wayoyi a sama daga gaɓa zuwa gaɓa, a rataya sanduna bibbiyu kamar ƙofa. Ƙofofin kan kama daga 18 zuwa 25. Masu launin kore, ana shigarsu ne ana bin ruwa. Masu launin ja kuwa, dole mutum ya wuce su, ya juyo, ya shige su yana hawan ruwa. A dokar yau, wanda ya taɓa sanda ko da da bakin filafili ne, za a ƙara masa daƙiƙa 2 a kan lokacinsa. Wanda ya tsallake ƙofa kuwa, daƙiƙa 50 za a ɗora masa, wato dai ya fita daga lissafi. Yawanci mutum ɗaya ne a ɗan ƙaramin jirgi. Akwai masu zama su yi tuƙi da filafili mai baki biyu, akwai masu durƙusawa da filafili mai baki ɗaya. Ita Hilgertova a na zaune ta yi suna. An fara sa wannan wasa a Olamfik a 1972 a Jamus, aka ajiye shi, sai a 1992 aka komo da shi.

Ƙasar Cek tana tsakiyar Turai ne, ba ta da teku ko kaɗan, mutanenta ba su kai miliyan 11 ba, kuma da hunturu sanyi har ƙanƙara yake yi. Amma suna da koguna, kuma sun mai da su makaranta. A babban birninsu Firag, a wata unguwa da ake kira Troja, an yanki gefen kogin Vltava an yi masa hanyar koyon wannan wasa. A wannan birni aka haifi Hilgertova ranar 10 ga Afrilu 1968.

Ta fara zuwa Olamfik a 1992 a Sifen, lokacin ƙasarsu na haɗe da Sulobakiya, ta zo ta 12. Ba ta kawo komai gida ba. Bayan shekara huɗu, a watan Yuli na 1996, wato wata biyu da 'yan kwanaki kafin a ƙirƙiro mana Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, ta je gasar Atlanta a Amurka, inda aka yi tseren a kogin Ocoee. A wancan lokaci kowa kan yi zagaye biyu, a ɗauki wanda ya fi kyau. Da aka gama sai ga ta sun yi kunnen doki da wata ba'amurkiya, Dana Chladek, kowaccensu daƙiƙa 169.49. Sai alƙalai suka koma kan ɗaya zagayen, wanda da ba a lissafa shi, aka ga nata ya fi kyau, aka ba ta zinariya. 'Ya'yana ɗalibai, ku lura da wannan. Aikin da take ganin ba zai shiga lissafi ba, shi ya raba gardama.

Daga nan ta ci gasar duniya a 1999. A 2000 ta je Sidni a Ostireliya ta sake cin zinariyar Olamfik. Ta kuma cin gasar duniya a 2003 a Augsburg ta Jamus. A 2004 a Girka ta zo ta 5, a 2008 a Sin ta zo ta 9. Mutane da yawa da sun kai nan sai su ce ya isa. Ita kuwa ta komo a 2012, zuwanta na shida ke nan a jere, ta zo ta 4. Ga wani abin sha'awa: a 1996 wadda ta zo ta uku a bayanta wata bafaransa ce, Myriam Fox. A 2012 kuwa 'yar wannan bafaransa, Jessica Fox, mai shekara 18, wadda ke wakiltar Ostireliya, ita ta zo ta biyu. Ta kara da uwa, ta zauna a fagen har ta kara da 'ya. Kuma duk wannan ta yi shi ne tana matar aure mai ɗa, mijinta ma ɗan wasan ne, shi ke horar da ita.

Inda ita da kawuna suka haɗu

Ban kawo muku labarin nan don mu je neman zinariya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk abin da na ga matar nan tana yi, na riga na ji shi a bakin kawuna wanda bai taɓa shiga aji ba.

Na farko, karatun ruwa. A wannan wasa, in an jera ƙofofin gasa, ba a barin mai tsere ya gwada su kafin a fara. Sai dai ya bi gaɓa da ƙafa, ya tsaya ya duba, ya haddace inda ruwa ke tafasa da inda yake komowa baya. Jajayen ƙofofin nan ma, yawanci a inda ruwa ke komowa baya ake rataya su, wato wurin hutawar mai jirgi da kawu ya nuna mini da karan dawa. Ilimin ɗaya ne. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu, sun gina masa wuri, suna koya wa duk yaron da ya zo, mace ko namiji. Mu kuwa namu yana cikin kan tsofaffi, duk wanda ya rasu ya tafi da nasa.

Na biyu, kariya. Matar da ta ci zinariya sau biyu ba ta isa ta shiga ruwan gasa ba sai da rigar ruwa da hular kwano, ga kuma masu ceto a tsaye a gaɓa riƙe da igiya. Doka ce, ba a ɗaga wa kowa. A nan kuwa, in ka miƙa wa saurayi rigar ruwa sai ya ce ka raina shi. Wa ya fi iya ruwa, shi ko ita?

Na uku, koyon faɗuwa. Abin da ake fara koya wa yaro a can shi ne yadda zai yi in jirgi ya kife. Da gangan ake kifar da shi a ruwa marar zurfi, sau da yawa, har sai tsoro ya fita daga ransa, ya iya fitowa ko ya mirgino da jirgin. Abin da ke kashe mutane a gulbi, sau da yawa firgita ce. Jirgi ya ɗan karkata, kowa ya zabura ya koma ɗaya gefen, sai ya kife gaba ɗaya. A cikin ruwa kuma wanda bai iya ba ya ƙanƙame wanda ya iya, su tafi tare. Ai mun san wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na huɗu, ƙa'ida mai hukunci. Taɓa sanda kaɗan yana da farashi, kuma ba a roƙon alƙali. A mashiganmu kuwa babu iyaka. Jirgi ya cika, sai wani ya zo da buhu ya ce a taimaka, sauri yake yi. Buhun masara mai kilo 100 ya fi ƙato guda nauyi. In aka ƙara babur, aka ƙara awaki, sai ka ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Kowace lita ta ruwa da ta shigo kuma kilo guda ce ta ƙaru. Mai jirgi ya san haka sarai, amma kunya da neman na abinci da matsin jama'a ba su barinsa ya ce a'a.

Maganar 'ya'ya mata

Yanzu bari in komo kan ƙanwata. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 ko fiye suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. A watan Mayun 2023, a ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, yara 15 suka rasu, galibinsu 'yan mata ne da za su haye neman itace. Ruwa ba ya tambayar wane ne namiji. Mace ce ke shiga jirgi da zane mai nauyi in ya jiƙe, da goyo a baya, da kaya a ka. Ita ce kuma ba a koya wa komai ba.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, kuma ina girmama shi. Ba ina cewa mu kwaikwayi shigar Turawa ko mu cakuɗa maza da mata a bakin gulbi ba. Mata su koya wa mata, a keɓaɓɓen wuri, a lokacin da aka ware, cikin suturar da iyaye suka yarda da ita. A ƙauyukan masunta akwai matan da suka iya ruwa fiye da ni, a cikinsu za a sami malamai. Abin da na ɗauka daga labarin Hilgertova shi ne, aure da haihuwa ba su hana mace iya ruwa ba, kuma mijinta ne ya tsaya mata. Ni dai da na sami wannan tunani tun ina saurayi, da na roƙi kawu ya koya wa ƙanwata.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce wannan wasan Turawa ne. Maƙwabtanmu na Argungu suna da kabanci, inda ake tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, a cikin bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk wanda ya taɓa ganin yadda samarin Kabi ke sarrafa jirgi ya san ba baiwa muka rasa ba.

A Afirka ta Yamma ma an taɓa cin lambar wannan wasa. A 2008 Benjamin Boukpeti ya ci wa Togo tagulla, ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar. Sai dai shi a Faransa aka haife shi, kamar yadda aka haifi Akinyemi namu a Ingila. Can suka koya, domin can ne akwai wurin koyo. A ɓangaren mata kuma, Ayomide Bello ta wakilci Nijeriya a tseren kwalekwale na ruwa mai kwanciya a gasar Tokyo da aka yi a 2021, ita ce mace ta farko daga ƙasar nan. Wa ya san abin da ke cikin yaran Gummi da Bukkuyum da Anka in an ba su dama?

Abin da nake roƙon ƙungiya

Ban manta ba cewa babban maganin abin shi ne gadoji da isassun jirage masu kyau, kuma wannan nauyin hukuma ne. Akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, wadda ke da dokoki a kan lodi da tafiyar dare da sa rigar ruwa. A cikinmu akwai manyan ma'aikata da 'yan majalisa. Ina roƙon shugabanninmu su rubuta, su kuma bi sawun takardar har a ga sakamako. Amma kafin gada ta zo, damina ba za ta jira mu ba. Ga abin da nake ganin ƙarfinmu ya kai.

Ɗaya, kowane rukunin shekara na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki mashigi guda, ya saya masa rigunan ruwa daidai da yawan mutanen da jirgin ke ɗauka, har da ƙanana na yara. A damƙa su ga Sarkin Ruwa da mai unguwa a rubuce, a riƙa ƙirga su duk ƙarshen wata, don kada su koma gidajen mutane.

Biyu, a zauna da masu fito, su da kansu su faɗi iyakar lodin kowane jirgi, a shafa jan fenti a jikinsa. In ruwa ya taɓa layin, ba a ƙara ko kaza. Mu nemi iyayenmu sarakuna su sa baki, don mai jirgi ya sami abin fakewa in ya ce a'a. In rage lodi zai rage masa samu, a duba kuɗin fito a daidaita, kada a bar shi da asara.

Uku, a kowane mashigi a ajiye doguwar gora da igiya da jarkoki marasa komai masu murfi. Jarka mai lita 25 in an toshe ta da kyau tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. A koya wa kowa cewa in mutum ya faɗa, a fara miƙa masa sanda ko a jefa masa igiya, kamar yadda kawu ya yi mini. Faɗawa ruwa don ceto aikin gwani ne.

Huɗu, likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su ba mu kwana ɗaya a shekara su koya wa masu fito da malamai da ɗalibai taimakon farko. Mun saba in an fid da mutum sai a kifar da shi a yi ta danna ciki wai ruwa ya fita. Likitoci sun ce wannan ɓata lokaci ne. Wanda ba ya numfashi, hura masa iska a baki da danna ƙirji yake bukata nan take, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci.

Biyar, da rani in ruwa ya ja baya, a shirya makon koyon iyo da tuƙi ga ɗaliban makarantar nan da na firamaren da ke kewaye. A ɗauki masunta su zama malamai, a biya su, a girmama su. A Bangaladash an daɗe ana yin haka, ana kafa shingen gora a cikin tafki marar zurfi ana koya wa yaran ƙauye iyo. Wani zai ce ai akwai tsargiya a ruwanmu. Haka ne, shi ya sa likitocinmu za su zaɓi wurin, su kuma tanadi magani. Wani zai ce ai babu tsaro. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci, don haka a fara a kusa da gari, da rana, da sanin hukuma. Rashin tsaron ma ƙarin dalili ne, domin wanda aka koro daga ƙauyensu ba ya zaɓen lokacin da zai haye gulbi.

Shida, a ƙarshen makon a yi 'yar gasa. A kafa sandunan gora a ruwa, wasu a shige su ana gangarawa, wasu ana hawa, wanda ya taɓa a ƙara masa lokaci, wanda ya shiga ba rigar ruwa a fitar da shi. Yaro ba ya son wa'azi, amma yana son ya ci kofi. Ta hanyar wasa zai koyi abin da wata rana zai cece shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa a ruwa, ranar kuwa ta faɗo daidai lokacin da gulbinmu ke cika, sai mu riƙa amfani da ita wajen duba kayan da muka raba.

Kammalawa

Ni dai na riga na yi magana da abokan karatuna da suka rage, mun ɗauki mashigi ɗaya, kuma mun ba ma'aji abin da ya sawwaƙa. In Allah ya kai mu rani mai zuwa, zan zo bakin gulbi da kujerata da usur ɗina. Ƙafafuna ba su da sauran ƙarfin iyo, amma idona bai manta karatun da kawu ya yi mini ba. Jikata mace, mai shekara tara, ita ce ta farko da na rubuta a takardar masu koyo, da yardar iyayenta. Takardar tana hannun sakatare, akwai sauran fili a ƙasan sunanta.

Shugaban taro, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a yi mini afuwa. Inda na yi kuskure a gyara mini. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.